Neman Ɓatattun Hanyoyi a Ƙarƙashin Kagarun Bakin Teku

Duk wanda ya daɗe a Jos ya san ƙasar nan da muke takawa ba ko'ina ne take cike ba. Daga nan Anguwan Rogo in ka bi hanyar Bauchi zuwa Naraguta, ko ka yi kudu wajen Bukuru da Barikin Ladi, ba ka rasa ganin tsofaffin ramukan kuza, waɗansu sun zama tafkuna, waɗansu ciyawa ta rufe bakinsu. Masu haƙar loto su kan nutsa rami kamar rijiya, in sun tarar da kuza sai su karkata su bi ta a kwance, har su yi nisa a ƙarƙashin gonar wani. Bayan shekara arba'in ba mai iya nuna inda ramin ya bi, sai ran da ƙasa ta rufta da saniya. Saboda haka mutumin Jos ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane yadda rami ke ɓacewa. Abin da za mu duba yau shi ne yadda masana ke neman irin waɗannan ɓatattun hanyoyi a ƙarƙashin tsofaffin kagarun yaƙi na bakin teku, da yadda suke rarrabe na gaskiya da na tatsuniya.

Kagara dai ita ce ginin yaƙi mai kaurin bango, wanda a kan jera igwa a bisansa. A Afirka ta Yamma ba inda suka fi yawa kamar bakin tekun Gana. 'Yan Fotugal su ne suka fara, suka gina ta Elmina cikin 1482 don cinikin zinariya. Mutanen Holan suka ƙwace ta cikin 1637, bayan sun hau da igwa bisa wani tudu da ke kallonta, sa'an nan ta koma hannun Ingilishi cikin 1872. Ta Kef Kos mutanen Suwidin suka kafa cikin 1653, Ingilishi suka karɓe cikin 1664. Ta Osu kuwa, a birnin Akara wanda Hausawa ke kira Ankara, ta mutanen Danmak ce, su suka sayar wa Ingilishi cikin 1850. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa kagarun nan cikin kayan tarihin da duniya duka ke da hakkin kiyayewa.

Kada wani ya ce ina ruwan Bahaushe da ginin Turawa a bakin teku. Da ruwansa ƙwarai. Waɗansu daga cikin bayin da aka tsare a kurkukun kagarun nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwar Salaga, wadda fataken goro na ƙasar Hausa suka sani sarai. Bayan wannan kuma, sojan Hausa da Kyaftin Glover ya fara tarawa a Ikko cikin 1863, an ɗebi waɗansunsu an kai Elmina sa'ad da Ingilishi suka karɓe ta, suna can aka yi wa tsohon garin ruwan igwa cikin 1873. Da Hausawa ne kuma aka kafa rundunar tsaron ƙasar cikin 1879. Watau Bahaushe ya shiga kagarun nan a ɗaure, ya kuma shige su da bindiga a kafaɗa.

To, me ya sa masu kagara ke haƙa ƙarƙashinta? Ku dubi kwaikwayon ganuwar Kano da aka gina a gidan tarihi na nan Jos. Ganuwa ce ta ƙasa, da gwalalo a bayanta, don abin da ake tsoro shi ne doki da kibiya, kuma akwai rijiyoyi da gonaki a cikin birni. Kagarar bakin teku kuwa ƙarama ce, abin tsoronta igwar jirgin ruwa. Albarushi in harsashi ya same shi gidan duka ya tashi, don haka sai a kai shi can ƙasa inda wuta ba ta kai. Ruwan rijiyar bakin teku gishiri ne, sai a gina babban ɗaki a ƙarƙashin tsakar gida a riƙa tara ruwan sama. Ga kurkuku. Ga kuma ƙaramar hanya da ke fita bakin ruwa, wadda a kan bi a sauke kaya ko a ɗora mutane a kwalekwale ba tare da an buɗe babbar ƙofa ba.

Ɓacewarsu ba wuya. Wata a kan toshe ta da gangan in amfaninta ya ƙare. Wata girgizar ƙasa ke rushe ta, kamar wadda ta lalata kagarar Osu cikin 1862 har sai da aka sāke ginin samanta. Wata yashi ke cikewa. Wata kuwa tun asali asiri ce, mutum biyar ko shida suka san ta, ran da na ƙarshensu ya mutu shi ke nan.

Amma fa kusan kowace tsohuwar kagara a duniya tana da labarin wata doguwar hanya da ta ratsa ƙarƙashin gari ta ɓulla wani wuri mai nisa. Yawancin labarun nan ba su da tushe, kuma malamin makaranta na iya gwada su da lissafin aji shida. Mu ɗauka an ce akwai hanya mai tsawon mil ɗaya, tsayinta ƙafa 6, faɗinta ƙafa 3. Mil ɗaya ƙafa 5,280 ne. In ka buga 6 sau 3 sau 5,280 za ka sami 95,040, watau ƙasar da za a fitar za ta cika akwati 95,040, kowane akwati ƙafa ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi. In muka ce kwanon sarki biyu ke cika akwati ɗaya, an yi ɗauka 190,080 ke nan. Ina aka zuba ta? Mu a nan mun san amsar, don ba ramin kuza da ba ya da tulin ƙasa a gefensa, tulin ma ya kan fi ramin daɗewa. Wanda ya ce maka akwai rami mai mil ɗaya, ka ce ya fara nuna maka tudunsa.

Sa'an nan ga ruwa. A bakin teku ba ka yin nisa da haƙa sai ruwa ya tsattsafo, ga shi mutanen da ba su da injin zuƙe shi. Misali, tsakanin kagarar Elmina da tudun nan da muka ambata akwai kogin Benya, wanda ruwan teku ke shiga ya fita kullum. Hanyar da za ta haɗa su tilas ta bi ta ƙarƙashinsa, cikin dutse, da diga da hannu. Ga kuma iska. Rami in ya yi tsawo ba kafar shan iska, fitila ta kan mutu, mai ɗauke da ita ya bi ta. Saboda haka hanyoyin gaskiya da ake samu yawancinsu gajeru ne, yadi ashirin, yadi hamsin, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Inda ake samun dogaye sai inda dutsen ya yarda, kamar farin dutsen alli na Doba a Ingila mai saukin sara, ko inda gwamnati ta zuba kuɗi da sojan haƙa shekara da shekaru.

Duk da haka mai nema ba ya raina labarin baka, da shi ma ya kan fara. Tsoho ya kan ƙara gishiri wajen tsawon hanya, amma da wuya ya yi kuskure wajen inda bakinta yake, don can ne uwarsa ta hana shi wasa yana yaro. A kagarar Kef Kos ba a taɓa mance da tasu hanyar ba. Kurkukun maza yana can ƙasa, ɗaki biyar a jere cikin duhu, daga na ƙarshe wata hanya ta bi ta ƙarƙashin gini ta nufi ƙofar bakin teku, ta nan ake kora mutane zuwa jirgi. Ingila ta hana cinikin bayi cikin 1807, daga baya aka toshe bakin hanyar da gini. A daidai wurin da aka toshe ɗin mutanen garin suka mayar da wurin tsafinsu na Nana Tabir, wanda suka ce nan yake tun ba a gina kagara ba, har yau kuwa yana nan. Kun ga ashe wurin da jama'a ke girmamawa ko suke tsoro shi kansa alama ce ga mai bincike.

Shaida ta biyu takarda ce. Turawan nan 'yan kasuwa ne, kowane bulo da suka sa sai sun rubuta wa iyayen gidansu a Turai don a biya su. Taswirorin kagarun da wasiƙun gwamnoninsu suna nan ajiye a London da Heg da Kopenhagen. Mai nema ya kan ɗauki tsohuwar taswira ya ɗora bisa sabuwa, ya ga ɗakin da ke cikin waccan wanda babu shi cikin wannan. Sai dai taswira ma tana da nata ruɗi. Wani lokaci abin da aka zana niyya ce kawai, kuɗi bai zo ba, ba a gina ba. Don haka sai an tafi wurin da igiyar awo. In ɗaki daga waje ƙafa 30 ne, daga ciki kuwa 20, alhali kaurin bango bai wuce ƙafa 3 kowane gefe ba, to, ina sauran ƙafa 4? In an ga siffar bakan ƙofa a jikin bango amma bulon cikinta dabam yake da na gefe, an san ƙofa ce aka toshe. A kan kuma ƙwanƙwasa bango a saurara, kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta saya.

Labarin da ya fi kowane daɗi wajen wannan sha'ani na Jibiralta ne, dutsen nan da ke tsaye a bakin mashigin Bahar Rum, wanda sunansa ya fito daga Jabal Ɗariƙ, don Ɗariƙ ɗan Ziyad ya sauka nan cikin 711. Ingilishi sun fara huda shi cikin 1782, sa'ad da Sifen da Faransa suka kewaye su. Wani saje mai suna Henry Ince shi ya jagoranci haƙar. Hayaƙin albarushi ya dame su, suka huda kafa a gefen dutse don iska ta shiga, sai suka ga ashe kafar ta yi daidai da bakin igwa. Daga nan aka yi ta haƙa, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har hanyoyin cikin dutsen suka kai wajen mil 34. Shi ne dai yaƙin da ya sa aka yi ta kamo mutane aikin tilas a ramukan kuzan nan namu daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta cinye Malaya.

To, cikin yaƙin nan Ingilishi suka ji tsoron kada Jamus ta ci Jibiralta. Sai suka haƙa wani ɓoyayyen ɗaki can bisa, suka sa tankin ruwa da abinci da na'urar aika saƙo, da keke wanda za a riƙa tuƙawa a tsaye don ya ba da lantarki, da 'yan kafofi biyu na leƙen jiragen ruwa, ɗaya gabas ɗaya yamma. Aka zaɓi mutum shida, biyu daga cikinsu likitoci. Niyyar ita ce in dutsen ya faɗi a toshe su a ciki da gini, su zauna suna ba da labarin jiragen abokan gāba. Jamus ba ta zo ba, aka rufe ɗakin, aka yi shiru. Shekara hamsin mutanen garin na raɗe-raɗinsa, masu hankali na cewa tatsuniya ce. Sai cikin 1997 waɗansu masu shiga koguna suna tafe cikin wata tsohuwar hanya, suka ji iska na busowa daga inda bai kamata a sami iska ba. Suka bi ta, suka fasa bango, ga ɗaki, har da ragowar keken. Cikin 2008 aka kawo ɗaya daga cikin likitocin nan, Dokta Bruce Cooper, ya tsufa tukuf, ya duba ya ce lalle shi ne. A nan ba wata na'ura da ta yi aiki sai fatar fuskar mutum, don iska ba ta fita daga dutse sai in akwai fili a bayansa.

Amma a zamanin nan akwai na'urori, kuma ɗaya daga cikinsu kun sha gani. Kafin a haƙa rijiyar burtsatse, ba ku ga mutane sun zo da dogayen wayoyi suna kafa turakun ƙarfe a jere ba? Lantarki suke turawa cikin ƙasa, su auna wuyar da ya sha kafin ya wuce. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ba shi hanya, busasshen dutse na hana shi, iska kuwa ta fi kome hana shi. Mai neman ruwa yana neman inda lantarki ya wuce da sauƙi. Mai neman rami yana neman inda ya cije, ko da ya ke in ramin cike yake da ruwa sai maganar ta juya.

Ta biyu ita ce wadda ake kira rada. A kan tura ta bisa ƙasa kamar amalanke, tana aika saƙo ƙasa, saƙon ya bugi abu ya komo, kamar yadda in ka yi kira a gindin duwatsun Shere muryarka ke komo maka. Daga jinkirin komowar ake gane zurfin abin. Da ita ce waɗansu masana a ƙarƙashin Timothy de Smet suka duba filin shan iskar fursunoni a tsibirin Alkataraz na Amurka, wanda kagara ce kafin ya zama kurkuku. Cikin 2019 suka ba da labari cewa sun ga hanya mai rufin baka ta jan bulo, da kafofin iskarta, ginin wajen 1860, tana nan lafiya 'yan inci kaɗan ƙarƙashin siminti. Fursunoni sun yi shekaru suna mafarkin ramin gudu, ashe suna tsaye a kansa. An gano wannan kuwa ba tare da an ɗaga diga ko sau ɗaya ba, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga ginin da doka ta hana a taɓa.

Sai dai rada tana da babban magabci, shi ne gishiri. Ƙasar da ruwan teku ya jiƙa, ko yumɓu mai danshi, ta kan shanye saƙon ba ya komowa, ga shi kuwa kagarun da muke magana a kansu ƙafarsu cikin teku take. Akwai kuma na'ura ta uku mai auna yadda ƙasa ke jan abu, don bisa kogo jan ya kan ragu kaɗan ƙwarai, amma tana da tsada da jinkiri, bugun raƙuman ruwa ma ya kan dame ta. Kuma duk na'urorin nan ba su cewa ga rami. Abin da suke cewa shi ne, a nan akwai wani abu dabam. Ko tsohon bututu ne, ko kabari, ko tushen bango, sai an huda 'yar kafa an zura kyamara, ko an haƙa a hankali, kana a tabbata. A ganina wanda ya dogara ga na'ura ita kaɗai bai fi wanda ya dogara ga tatsuniya ita kaɗai ba.

In an tabbata, shiga ma aiki ne mai ƙa'ida. Ramin da ya daɗe a rufe ya kan tara wata iska mai nauyi da ke kwantawa a ƙasa, ba ta da wari, mutum sai ya ji jiri kawai ya faɗi, wanda ya sauka ceto shi ma ya faɗi. Masu haƙar rijiya na ƙasarmu sun san wannan tun da, shi ya sa su kan zura fitila tukuna. Yanzu da ma'auni ake gwadawa, a tokare rufi da katako, a ɗaura wa mai shiga igiya, a bar mutane a waje. A Fan Bay kusa da Doba, inda soja suka haƙa maɓoya mai zurfin ƙafa 75 cikin 1940 zuwa 1941 aka cike bakinta bayan yaƙi, sai da aka yi wata da watanni ana kwashe ƙasa da hannu kafin a buɗe wa jama'a cikin 2015. Ya ku malaman gobe, da yawanku za a tura ku makarantun da ke kusa da tsofaffin ramukan kuza. Wannan sashen ku faɗa wa yara shi ko da ba ku faɗa musu sauran ba.

Abin da mai bincike ke so a cikin rami ba tukunyar zinariya ba ce, ƙasar daɓen ce. A farkon shekarun 1970 da aka haƙa daɓen kurkukun Kef Kos, an tarar da abin da ake takawa ba asalin daɓen ba ne, wani kauri ne da ya taru bisa bulo daga ƙazantar mutanen da aka tsare, ta daskare ta zama kamar ƙasa. Ba wasiƙar gwamna da ta faɗi wannan. Mu ma a nan mun san darajar abin da ke fita daga rami, don a ramin kuza ne aka tsinci mutum-mutumin Nok na farko cikin 1928, Bernard Fagg ya gane muhimmancinsu cikin 1943, har aka buɗe gidan tarihi na Jos cikin 1952.

A kagarar Osu an daɗe ba a sami damar bincike ba, don nan ne mazaunin gwamnatin Gana har 2013. Cikin 2014 wata masaniya 'yar ƙasar, Rachel Ama Asaa Engmann, ta fara haƙa a wurin. Ita kanta zuriyar wani gwamnan Danmak ce da ya riƙe kagarar a ƙarni na 18, masu taya ta haƙa kuma mutanen Osu ne. Sun tono tushen gidaje, da lofe, da duwatsun ado, da fasassun kwalabe da tangaran. Sun kuma tarar da bakin wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa wadda ta nufi gidan Richter, wani attajirin Osu, ruwa biyu, ubansa mutumin Danmak, wanda ya yi cinikin bayi a farkon ƙarni na 19. Danmak ta hana cinikin tun 1803, gidan kuwa yana nan tsaye cikin unguwar, tafiya kaɗan daga kagarar.